Yaron Da Ke Toshe Kunnuwa A Lakwal

 

Akwai wani yaro da kusan kowane gari yake da irinsa. An kai shi lakwal a watan Oktoba tare da tsaransa. Ranar farko da aka buga ƙarfe, sauran yara suka ruga layi, shi kuwa ya sa hannu biyu ya toshe kunnuwa ya durƙusa. Da aji ya ɗauki karatu da murya ɗaya, sai ya shige ƙarƙashin tebur, ko ya fice da gudu. Malam ya ce taurin kai ne. Uba ya ce rashin ji ne, a sa masa bulala. Kaka ta ce a'a, iska ce ta taɓa shi, a nemi magani. Kafin a gama kai hatsi rumbu an cire shi daga lakwal, ba wanda ya sake tambayar labarinsa. Ana ce masa ba ya ji, alhali jin ne ya yi masa yawa.

A kan wannan yaro za mu yi magana yau, da ƴan uwansa kurame, da masu raunin gani, da zabiya. Za mu ɗauki misali da ƙasar Mai Yara, cikin gundumar Dakoro, jahar Maradi. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, nesa da manyan birane. A irin wannan wuri, lakwal ɗin gari ita ce ta kowa. In ba ta karɓi yaro ba, ba shi da wata.

To, mene ne yake damun yaron nan? Kai da kake saurare, tuna ranar kasuwa. Ga kukan jakai, ga injin niƙa, ga masu talla, ga babura. Duk da haka kana jin maganar wanda kuke ciniki da shi, sauran hayaniya ta koma baya. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwarka tana aiki kamar rariya. Tana tace abin da kunne da ido da hanci da fata suka kawo mata, ta riƙe mai amfani, ta zubar da dusa. Wasu yara rariyarsu ba haka take aiki ba. Kome yana shigo musu a lokaci ɗaya, da ƙarfi ɗaya. Muryar malam, da ƙarar benci da aka ja, da tarin yaron baya, da kukan akuya a waje, duka daidai suke a kunnensu. Wata ƙarar ma zafi take yi musu, zafi na gaske, kamar an soka tsinke.

Likitoci suna kiran wannan lalura otizim. A gidajen rediyon Najeriya za ku ji ana cewa galahanga, ko da yake mutane kan ɗora wannan kalma a kan lalurori dabam-dabam. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, mai suna Leo Kanner, ya rubuta bayaninta a 1943, bayan ya lura da yara 11 waɗanda ba su shiga mutane, ba su son a sauya musu tsarin da suka saba, wasunsu kuma suna firgita da ƙara. A 2013 likitocin Amurka suka sa wannan yawan ji, ko ƙarancinsa, cikin alamomin da ake dubawa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 shi ne kusan yaro 1 cikin 100. Ku yi lissafi da kanku. Garin da yake da yara 300 zai iya samun uku. An fi ganin abin ga maza, amma mata ma suna da shi.

A ƙasarmu ana daɗewa ba a gane ba, kuma akwai dalili. Ɗaya daga cikin alamomin shi ne yaro ba ya kallon idon mutum. Mu kuwa tarbiyyarmu ce yaro ya sunkuyar da kai gaban babba. Sai a ce Allah ya ba wane ɗa mai kunya. Ke uwa, abin da za ki duba ya wuce wannan. Yaro ya shekara ɗaya, kin kira sunansa, yana waiwayowa? In ya ga raƙumi ya wuce, yana nuna miki da yatsa don ke ma ki gani? Ya kai shekara biyu ba kalma ko ɗaya? Yana jera duwatsu ko marafan kwalba yini guda, in an taɓa ɗaya ya yi ta kuka ba lallashi? In kin ga waɗannan, ki kai shi gidan likita. A fara duba kunnensa, domin kurma ma ba ya waiwayowa.

Da wannan lalura ake haihuwar yaro, kuma gado yana da hannu a ciki sosai. Ba a ɗaukarta wajen zama ko cin abinci tare. Ba laifin uwa ba ne, kuma yaron ba ɗan ruwa ba ne. Allurar rigakafi ma ba ta kawo ta. Wannan jita-jita daga Ingila ta taso a 1998, daga rubutun wani likita. Da aka bincika aka tarar ba gaskiya a ciki, mujallar da ta buga ta janye rubutun a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita. Abin da ƙin allura yake kawowa mun san shi da idonmu. Ƙyanda tana makantar da yaro. Sanƙarau yana barin wanda ya tsira da kurumta, kuma a 2015 kaɗai ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar.

Me hukuma ta ce? Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 24 ya ce kada a hana yaro makarantar jama'a saboda naƙasa, kuma a yi masa gyaran da ya dace da buƙatarsa. A Disamba 2019 aka yi wata dokar a kan shigar da naƙasassu cikin al'amuran ƙasa. A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Ba, a Maradi ma akwai ta kurame. Ƙungiyar Handicap International, wadda ta koma Humanité & Inclusion a 2018, ta yi aikin horar da malamai a Yamai da Maradi don su iya riƙe irin waɗannan yara cikin aji ɗaya da kowa. Duk wannan alheri ne. Amma daga Maradi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, kuma manomin Mai Yara ba zai ɗauki ɗan shekara bakwai da ba ya magana ya kai shi birni ya baro shi ba. Doka tana cikin takarda a ofis. Wanda zai gyara wa yaro wurin zama yana nan cikin gari: malam ne, da darakta, da kwamitin lakwal, da ƙungiyar iyaye mata.

Mu fara da ƙara, don ita ce babba. A makarantu da yawa ƙarfen ƙafar mota ne aka rataya a itace ake bugawa. Ba sai an cire shi ba. Abin da ya fi firgita yaro shi ne bugun ba zato. In malam ya ɗaga masa hannu, ko ya ce masa a hankali "za a buga ƙarfe", yaro zai toshe kunnensa da kansa ya jira, abin ya wuce. Kada a hana shi toshewar. Kada kuma a zaunar da shi ta gefen da ƙarfen yake. Ajin da aka rufa da kwano yana mayar da murya, ga shi yara suna maimaita karatu da iyakar ƙarfinsu, don sun ɗauka wanda ya fi ihu shi ya fi iyawa. Malam yana iya sa layi ɗaya ya karanta, sannan na biyu, maimakon aji duka. Malamai da suka gwada wannan za su gaya maka cewa ta haka suke gane wanda ya iya da wanda yake motsa baki kawai. Hula mai rufe kunne, ko ɗankwali da aka ɗaura a kan kunnuwa, yana rage ƙara. In za a sa auduga, a bakin kunne za ta tsaya, kada a tura ciki, kuma kada a sa wa kunnen da yake zubar da ruwa. Wannan kunne likita yake so.

Wurin zama kyauta ne, amma shi ne rabin aikin. Yaro mai otizim ya fi samun natsuwa a ƙarshen benci, kusa da bango, inda ba mai matsa shi hagu da dama, ba kuma mai wucewa ta bayansa. Wurin nan ya zama nasa kullum. Kurma da mai ɗan raunin ji su zauna gaba, inda za su ga bakin malam. Kai malam, kada ka yi bayani fuskarka tana kallon babban allo. Rubuta, ka juyo, sannan ka yi magana. Kada ka tsaya a bakin ƙofa rana tana bayanka, domin fuskarka duhu za ta yi, yaro ba zai ga leɓɓanka ba. Ihu ba ya taimakon kurma, murɗe baki kawai yake yi. Kuma ka sani Hausawa suna da maganar hannu tun kaka da kakanni. A Kano har sarkin bebaye ake naɗawa, kuma wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta rubuta littafi a kan wannan magana a shekarar 2000. Kurman gida yana da alamomin da yake yi da uwarsa da ƙannensa. Ka tambaye su, ka koyi goma ko ashirin, ka koya wa aji. Yara sun fi manya saurin ɗauka.

Zabiya matsalarsa biyu ce a haɗe. Ganinsa na nesa yana da rauni, haske kuma yana cutar idonsa. Ya zauna gab da allo, taga tana bayansa. A bar shi da malafa ko hula mai baki ko a cikin aji. A bar shi ya kawo littafi dab da fuska, ba ɓata ido yake yi ba, haka yake gani. Malam ya yi rubutu manya, ya kuma riƙa faɗin abin da yake rubutawa. Allon da ya koɗe ya zama toka-toka a sake shafa masa baƙi, aikin kwamiti ne wannan. Ranar shara ko wasan motsa jiki, kada a tsayar da zabiya cikin ranar Afrilu. Fatarsa ba ta da kariya, kuma ƙunar yau da gobe ita take zama ciwon daji na fata.

Mu koma kan mai otizim, don akwai abin da yake haɗa shi faɗa da malamai. Za ka gan shi yana rangaji gaba da baya, ko yana kaɗa hannuwa, ko yana murza wani ɗan tsumma da ba ya rabuwa da shi. Malam ya ce ya daina, bai daina ba, sai bulala. Ku je makarantar allo da dare ku duba almajirai kewaye da wuta. Wane ne ba ya rangaji? Ba malamin da ya taɓa dukan almajiri don wannan, an san jiki yana neman abin da zai riƙe hankali. Haka yaron nan yake kwantar da kansa in duniya ta yi masa yawa. In ba ya cutar kansa ko wani, a ƙyale shi. Tsumman ma a bar masa. Kada a tilasta masa kallon ido, sau da yawa ya fi jin magana in yana kallon ƙasa. Kada a cafko shi ta baya. Ka zo ta gabansa, ka kira sunansa, ka faɗi magana ɗaya gajeruwa, ka jira. Jiran nan yana da wuya ga malamin da yake da yara sittin ko fiye, amma amsa tana zuwa.

Yana kuma son ya san abin da zai biyo baya. Wanda ba ya gane dogon bayani yana gane abin da ya gani. A jera masa kaya a gefen tebur: allo yana nufin rubutu, ƴan duwatsu lissafi, buta fita bayan gida, ludayi lokacin abinci. An gama ɗaya, a kawar. In malam zai yi tafiya wani ya riƙe aji, ko baƙi za su zo, a gaya masa tun jiya.

Duk da haka wata rana abin zai fi ƙarfinsa. Zai faɗi yana ihu, ko ya ciji hannunsa. A wannan lokaci ba ya jin faɗa, ba ya jin lallashi. Taron yara a kansa ƙara wuta ne. A janye su, a rage magana, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kowace lakwal ta ware inuwa ɗaya, gindin dogon yaro ko ƴar rumfa da tabarma, inda zai je ya huce ya dawo. Wurin hutu ne, kada a mayar da shi wurin horo. Amma ya kasance inda ido yake kai, domin irin waɗannan yara sukan bi hanya su tafi ba sallama, kuma ruwa yana jan hankalin da yawansu. Kowa ya san zurfin rijiyoyin ƙasar Dakoro.

Akwai kuma wanda nasa ya juya. Shi ji ne ya yi masa kaɗan. Yana taka ƙarangiya ko yashi mai zafi bai damu ba, ya ƙone bai yi kuka ba. Wannan ba jarumtaka ba ce. Uwa da malam su riƙa duba ƙafafunsa da jikinsa, don ba zai zo ya ce ga inda yake masa ciwo ba.

Makiyaya za su fi kowa gane wannan zance. Wata mata a Amurka, Temple Grandin, an haife ta a 1947 da otizim, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku, kuma ta ba da labarin yadda ƙararrawar makaranta take yi mata zafi a kunne. Ta girma ta zama farfesa a ilimin dabbobi a jami'ar jihar Kolorado. Abin da ya fitar da sunanta shi ne ta lura cewa saniya tana turjewa ne saboda wani ɗan abu da mutum bai kula da shi ba: inuwa a ƙasa, tsumma yana kaɗawa, ƙarfe yana walƙiya. In an kawar da abin, sai ta wuce ba sanda. Bafulatanin da yake shayar da garke a bakin rijiya ya san haka tun yana yaro. Ba muna cewa kowane mai otizim zai zama farfesa ba. Wani zai iya karatu har ya wuce tsaransa, wani iyakarsa ya koyi rubuta sunansa, da ƙirga kuɗi, da zama cikin mutane. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda in ba haka ba ɗaure shi za a yi a ɗaki, ko a miƙa masa ƙoƙon bara. Masu karatun Alƙur'ani sun san a kan wa Suratu Abasa ta sauka: makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, da ya zo neman sani.

Mun san halin da malamai suke ciki. Aji cike, littafi kaɗan, wani ma kwantiragi yake yi. Ba za a ɗora masa kome shi kaɗai ba. Kai uba, kada ka kai yaro ranar buɗe lakwal ka juya. Ka je wurin darakta tun da sauran kwanaki, ka gaya masa gaskiya: ga abin da yake tsoro, ga abin da yake kwantar da shi, ga yadda yake nuna yana son ruwa. Ɓoyewa don kunya yaron take cuta. Ka kai shi ya ga ajin ranar da ba kowa, ya zauna a bencinsa, ya taɓa ƙarfen da hannunsa. In yini duka ya yi masa yawa, a fara da awa ɗaya ko biyu da safe, a riƙa ƙarawa. A haɗa shi da wa ko maƙwabci mai haƙuri su riƙa tafiya tare. Iyaye mata na ƙungiya suna iya karɓa-karɓa, ɗaya ta zauna a inuwar nan da safe a makonnin farko. Su ne kuma suka san gidan da aka ɓoye yaro ba a rubuta shi ba.

Saura magana ɗaya mai nauyi. A ƙauyuka har yanzu akwai azuzuwan zana da kara. A 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka sake yi a Maradi, yara fiye da 20 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. Bayan haka gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara cikin ajin zana. Allah ya jiƙansu. Ku yi tunanin yaranmu na yau a irin wannan rana. Kurma ba zai ji ana ihun wuta ba. Mai raunin gani ba zai ga ƙofa cikin hayaƙi ba. Mai otizim kuwa, in ihu ya tashi, abin da ya saba shi zai yi: ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur. Saboda haka kowane ajin zana ya kasance da ƙofa biyu, kuma waɗannan yara su zauna kusa da ɗaya. A yi alamar wuta da hannu wadda aji duka ya sani. Kowane ɗayansu a ba shi babban yaro da aka ambata da suna, wanda aikinsa ya kama hannunsa su fita. A gwada fitar tun lafiya lau, a hankali, ba ihu, sau da yawa, har ƙafarsa ta san hanya. Malam kuma in ya fito ya ƙirga yara, in ba su cika ba ya fara duba ƙarƙashin tebur.

Ku da kuke saurare a ƙungiya, ku tattauna wannan da mai koyar da ku, ku kai maganar taron kwamitin lakwal na gaba.